Ƙwaƙwalwar Mota: Abin Da Ya Kamata A Sani Kafin A Taɓa Ta

Jawabi ga direbobi da makanikai da masu motoci a Gawu Babangida, Ƙaramar Hukumar Gurara, Jihar Neja



Maƙasudin wannan jawabi shi ne a jawo hankalin jama'a kan wata sabuwar al'ada da ta shigo garejojinmu, watau sake wa mota manhajar da ke cikin ƙwaƙwalwarta domin ta ƙara ƙarfi da gudu, ko kuwa domin a rufe wani aibi da ke jikinta. An fara wannan sana'a ne a manyan birane irin su Ikko da Abuja da Kano, a kan motocin ƙawa na masu hannu da shuni, amma yanzu ta sauko har kan motocin haya da talaka ke shiga kullum. Mutanen wannan yanki kuwa suna da haƙƙin sanin abin da ake ciki, domin hanyar Suleja zuwa Minna, mai tsawon kimanin kilomita ɗari, ta ratsa ƙasarku ta Dikko da Izom da Lambata, kuma duk motar da aka taɓa wa ƙwaƙwalwa a Abuja, in ta nufi Minna ko Lapai ko Bida, ta gaban gidajenku da makarantun 'ya'yanku za ta wuce.

Mene Ne Ƙwaƙwalwar Mota?

Dattawan makanikai da ke nan za su tuna zamanin Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna, inda kamfanin ya fara aiki a 1975. A kan irin waɗannan motoci, kafireto ke gauraya mai da iska, kuma makaniki da sukundireba da kunnensa kaɗai yakan daidaita injin har ya yi lumui. Wancan zamani ya shuɗe. Tun 1967 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da hanyar zuba wa injin mai ta amfani da lantarki, sa'an nan a 1979 ya haɗa lissafin mai da na tartsatsin fulogi cikin akwati ɗaya mai ƙaramar kwamfuta. Wannan akwati shi ne makanikanmu ke kira birenbos, mu kuwa a nan za mu kira shi ƙwaƙwalwar mota. Kusan duk motocin hannu da ake shigowa da su a yau, waɗanda jama'a ke ce wa 'yan Beljiyam ko 'yan Kwatano, da ita suke aiki.

Ga yadda take aikinta. Akwai waɗansu ƙananan na'urori a sassa dabam dabam na injin waɗanda ke aika mata da rahoto ba dare ba rana muddin injin na tashe: yawan iskar da ke shiga, zafin ruwan lagireto, saurin juyawar injin, gwargwadon yadda direba ya taka totur, da kuma abin da ya saura cikin hayaƙin da ke fita ta salansa. Ita kuma sai ta dubi jadawalin lissafi da masu ƙera motar suka rubuta mata, ta yanke yawan man da nozul zai fesa, da lokacin da fulogi zai ba da wuta. Alal misali, injin fetur yana ƙona mai sarai in aka ba shi awo 14.7 na iska a kan kowane awo ɗaya na mai. In mai ya yi yawa, sai ɓarna da hayaƙi. In ya yi kaɗan, sai zafi ya hau. Wannan jadawali da umarnin da ke tare da shi su ne manhajar, kuma su ne ake sharewa a rubuta waɗansu.

Ƙofar shiga kuwa tana nan ƙarƙashin sitiyari. Tun 1996 dokar Amurka ta tilasta kowace sabuwar mota ta zo da wata kafa mai haƙora 16 da ake kira OBD-II, ƙasashen Turai suka bi sahu a 2001 ga motocin fetur. An yi ta ne domin makaniki ya jona na'ura ya karanta ciwon mota. Ta wannan kafa ɗin ce kuma mai ƙaramar kwamfuta ke iya kwafe manhajar asali ya zuba wata a madadinta, wani lokaci cikin ƙasa da sa'a guda.

Dalilin Da Ya Sa Ake Yi

Dalili na farko shi ne son gudu. Masu motoci irin su BMW da Mercedes-AMG da Golf GTI sun san cewa injin mai turbo, watau fankar da ke cusa wa injin ƙarin iska da ƙarfin hayaƙi, yana iya ƙara ƙarfi sosai in aka umarci ƙwaƙwalwa ta ƙara matsin iskar da yawan mai. Injin da ba shi da turbo kuwa, abin da yakan samu kaɗan ne ƙwarai, ko da me mai kwamfuta ya yi alkawari. Har wa yau, manyan kamfanonin Jamus sukan ƙayyade gudun motocinsu a kan kilomita 250 a sa'a, motocin da aka yi domin kasuwar Japan kuma a kan 180, kuma akwai masu biyan kuɗi a cire musu wannan takunkumi.

Dalili na biyu tsadar mai. Bayan an janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 zuwa fiye da Naira 500 a Abuja da kewaye cikin 'yan kwanaki. Tun daga nan duk wanda ya ce yana da dabarar rage wa mota shan mai yakan sami masu saurarensa.

Dalili na uku shi ne ɓoye aibi. Fitilar gargaɗi ta injin ta kama, maimakon a nemi abin da ya kunna ta, sai a shiga manhaja a kashe ta ɗungum. Masu wannan aiki su ne kuma kan rage lissafin kilomitan da mota ta yi kafin a kai ta kasuwa.

Ya kamata a fahimta cewa ba kowace taɓa manhaja ce laifi ba. Kamfanonin motoci da kansu sukan sabunta ta domin gyara kuskuren da suka gano. In ruwa ya shiga ƙwaƙwalwa ta ƙone, tilas a daidaita sabuwar da makullin motar kafin ta tashi. Haka nan motar da aka mayar mai amfani da iskar gas ta CNG, a ƙarƙashin shirin da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023, ana sa mata ƙaramar ƙwaƙwalwa ta biyu wadda dole gwani ya daidaita ta da kwamfuta. Waɗannan duka aikin gyara ne. Abin da muke gargaɗi a kansa shi ne sake lissafin injin ba tare da ilmi ba, da kuma cire abubuwan da aka sa domin kare rai da lafiya.

Haɗari Ga Injin Da Aljihu

Masu ƙera mota ba don rowa suke rage wa injin ƙarfi ba. Sukan bar masa rara ne domin ya jure zafin rana da ƙura da mai marar kyau da direban da ke jinkirta juyen baƙin mai. Mai sake manhaja wannan rarar yake cinyewa. A ƙasa mai sanyi da mai mai inganci, watakila injin ya daɗe bai nuna komai ba. A nan kuwa, cikin zafin watan Maris da Afrilu, da kaya fiye da kima a bayan mota, rarar nan ita ce ke tsakanin mai mota da sayen sabon injin.

Babban abin lura shi ne lambar oktan, watau ma'aunin yadda fetur ke jure matsi kafin ya kama da wuta da kansa. A Turai man yau da kullum lambarsa 95 ce, akwai kuma mai 98. Ƙa'idar ƙasar nan ta tsaya a kan 91, kuma galibi iri ɗaya ake samu a gidajen mai. Waɗansu manhajojin ƙara ƙarfi da ake saukowa da su daga intanet an rubuta su ne domin mai 98. In aka zuba irin wannan a motar da ke shan man Suleja ko Lambata, wuta takan tashi cikin injin kafin lokacinta, ta daki kan fistin yana cikin hawowa. Direba yakan ji wata 'yar ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, musamman a kan hawa. In abin ya ci gaba, fistin ya huje ko ya narke, gaskit ya ƙone, daga nan sai a ce injin ya buga. Kada kuma a manta da abin da ya faru a Fabrairu 2022, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol ya lalata motocin jama'a a Ikko da Abuja. Injin da aka riga aka matse shi ne farkon faɗuwa a irin wannan rana.

Ƙarfin da aka ƙara kuma ba a cikin injin yake tsayawa ba. Ta kan kuloci da giyabos zai bi kafin ya kai ga taya, alhali kuwa an ƙera su ne daidai da ƙarfin asali. Sa'an nan shi kansa aikin zuba manhajar yana da nasa haɗari: in batir ya yi sanyi ko waya ta goce ana tsakiyar aiki, ƙwaƙwalwar takan mutu murus, mota ta ƙi tashi sai an sayo wata. Wanda motarsa sabuwa ce, kamfani na iya janye alkawarin gyara kyauta da zarar ya gano an taɓa manhaja, kamfanin inshora kuma na iya ƙin biyan diyya in ba a sanar da shi canjin da aka yi ba.

Game da rage shan mai, a yi hattara da waɗansu 'yan akwatuna masu araha da ake cusawa a kafar nan ta ƙarƙashin sitiyari. Waɗanda suka fasa irinsu suka duba sun tarar ba abin da ke ciki sai 'yar fitila mai ƙyaftawa. Araha dai ba ta ado. Abin da ke rage shan mai sananne ne: isasshiyar iska a taya, matatar iska mai tsabta, fulogi masu kyau, rage kaya, da sassauta ƙafa a kan totur.

Haɗari A Kan Hanya

Wannan shi ne ya fi kome muhimmanci, domin injin ana sayen wani, rai kuwa ba a kasuwa yake ba. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kimanin mita 28 cikin kowace daƙiƙa. In ta kai 140, tana cin kusan mita 39. Amma abin da yawancin direbobi ba su sani ba shi ne nisan da birki ke bukata ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, ninkawa yake yi. Daga 100 zuwa 140 an ƙara gudu da kashi 40 cikin ɗari ke nan, amma nisan tsayawa ya kusa ninki biyu. Mai kwamfuta ya ƙara wa injin ƙarfi, bai ƙara wa birki kome ba, bai kuma sake taya ba. Kowace taya tana da harafi a gefenta mai nuna iyakar gudun da za ta jure: T na nufin kilomita 190, H 210, V kuma 240, wannan ma sa'ad da take sabuwa. Tsohuwar tayar hannu a kan kwalta mai zafi ba ta da wannan tabbaci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, ta kuma nuna cewa ƙarin kashi ɗaya cikin ɗari na gudu yana ƙara haɗarin mutuwa da kashi huɗu. A ƙasarmu, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta ƙidaya fiye da mutum 5,000 da suka rasu a kan hanya cikin 2024, kuma gudun wuce kima ne ke kan gaba cikin dalilan da take bayarwa.

Ku dubi hanyarku. Tankokin mai da tireloli, da Golf da Sharan da Sienna na haya, da babura, da garken shanu, da 'yan makaranta, da mata masu talla a bakin kasuwar Lambata, duka hanya ɗaya suke bi. Ba mu manta da abin da ya auku a mahaɗar Dikko cikin Janairu 2025 ba, sa'ad da tankar fetur ta kife ta kama da wuta, mutane fiye da 80 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu. Wancan bala'i ba shi da dangantaka da ƙwaƙwalwar mota, amma ya isa ya tuna wa mai son gudu irin motocin da zai tarar a bayan kwana.

Dokar ƙasa a fili take. Ƙaramar mota ta gida iyakarta kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Tasi da bas iyakarsu 90 ko a tagwayen hanya, tanka da tirela kuwa 60. Tun ran 1 ga Fabrairu 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar ƙayyade gudu. Direban da ya sa ta domin ya wuce shingen jami'ai, sa'an nan ya koma gareji aka kwance ta, fasinjojinsa ya ha'inta. Duniya ma can ta nufa: kamfanin Volvo ya ƙayyade dukan sababbin motocinsa a kan kilomita 180 tun 2020, kuma daga Yuli 2024 kowace sabuwar mota a Tarayyar Turai tilas ta zo da na'urar da ke faɗakar da direba in ya ƙetare iyaka.

Haɗari Ga Iskar Da Muke Shaƙa

A cikin bututun salansa akwai wata matatar hayaƙi mai kama da saƙar zuma, wadda makanikai ke kira indomi. An fara sa ta a motocin Amurka a 1975. Aikinta shi ne juya iskoki masu guba su zama marasa cutarwa sosai kafin su fita, ciki har da kabon monoksaid, gubar nan da ke kashe iyali in an kwana da janareto a ɗaki. Saboda tana ɗauke da ƙarafa masu tsada, su filatinam da faladiyam da rodiyam, ɓarayi da waɗansu marasa amana sukan cire ta su sayar. Da an cire, fitilar gargaɗi za ta kama. To, a nan ne ake kiran mai kwamfuta ya share wannan sashe daga manhaja, mai mota ya tafi bai san an yi masa sata ba. A motocin dizal ma haka ake yi wa matatar baƙin hayaƙi, alhali tun 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa hayaƙin dizal na haddasa ciwon daji na huhu. Masu shaƙarsa kuwa su ne 'yan kamasho a tasha, da masu sayar da doya a bakin titi, da shi makanikin kansa.

Domin a ga girman al'amarin, a Satumba 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa kamfanin Volkswagen ya sa wa motocinsa na dizal manhajar da ke gane lokacin gwaji ta rage hayaƙi, in an hau hanya kuma ta saki iskar guba har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Motoci kimanin miliyan 11 abin ya shafa a duniya, shugaban kamfanin ya yi murabus, kuma tara da diyya suka ci fiye da Yuro miliyan dubu 30. In ba a ƙyale babban kamfani irin wannan ba, ba dalilin da zai sa a ɗauki aikin wasa ne don an yi shi a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. A nan gida ma, hukumar NESREA mai kula da dokokin muhalli, wadda aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin 2011 da suka ƙayyade hayaƙin da injin fetur da na dizal za su fitar.

Abin Da Ake Bukata Daga Gare Mu

Ga mai mota: in fitilar gargaɗi ta kama, a karanta dalili a gyara, kada a kashe fitilar. Kafin ka sayi motar hannu, murɗa makulli ba tare da ka ta da injin ba, ka tabbata fitilar ta kama, sa'an nan ta mutu bayan injin ya tashi. In ba ta kama ba sam, an taɓa wani abu. Ka sa amintaccen makaniki ya leƙa ƙarƙashi ya duba ko matatar hayaƙi na nan.

Ga makaniki: wannan ilmi abin nema ne, domin motar zamani ba ta gyaruwa sai da shi, kuma Hukumar NADDC mai kula da bunƙasa sana'ar motoci takan shirya horo a kan irin waɗannan na'urori. Amma sana'a amana ce. Kada ka rubuta kome sai ka kwafe manhajar asali ka adana. Ka jona batir da abin da zai riƙe masa wuta har a gama. Kada ka zuba manhajar da ba ka san wanda ya rubuta ta ba, ko irin man da aka rubuta ta dominsa. Ka gaya wa mai mota duk abin da ka canja. In baƙo ya kawo mota ba takardu ya ce a cire mata tsaron makulli, ka sani wataƙila kayan sata ne, kuma hannunka zai shiga ciki.

Ga shugabannin tasha: ku kuka san motar da aka kwance wa na'urar ƙayyade gudu, tun kafin jami'i ya sani. Kada ku yi mata lodi. Ga fasinja: kuɗinka ka biya, kana da ikon ce wa direba ya sassauta, in ya ƙi ka sauka ka kai ƙara. Ga iyaye kuma: tseren motoci da wasan juya su a kan titi ranar biki ko ranar salla ya sha mayar da gidan murna gidan makoki, saboda haka a san wanda ake miƙa wa makulli. Mai sha'awar tsere ya nemi filin da aka keɓe, inda ba mai tafiya a ƙasa.

Jama'a, Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, in kunne ya ji kuma jiki ya tsira. Ina roƙon kowa ya kai wannan saƙo tasharsa da garejinsa da unguwarsa. Allah ya kiyaye mana hanya, ya sa wa sana'o'inmu albarka, ya zaunar da ƙasarmu Nijeriya lafiya.